Tsagar bango ba ta bayyana halinta a rana ɗaya

Aikin sa ido kan tsofaffin gine-ginen dutse da tubali ya koya mini cewa ganin tsaga a bango ba wani labari ba ne. Ginin da ya shekara 500 ba ya rasa tsaga. Abin tambaya shi ne, tana motsi? In tana yi, komawa take ko gaba take ci?

Tsaga takan buɗe ta rufe da sauyin zafi da sanyi. Hasumiya ma haka. Na'urar da muke maƙala mata tana auna 'yar karkarwar da iska da wucewar motoci ke sa ta, kuma saurin karkarwar yana sauyawa daga lokacin zafi zuwa na sanyi, ko dutse ɗaya bai goce ba. Shi ya sa sai an tara awon shekara guda cur kafin a ce an san halin gini. Idan aka yi girgizar ƙasa, saurin ya faɗi ya ƙi komawa, to ginin ya saki a wani wuri, ko ido bai gani ba. Masu ba da kuɗi ba su cika son jin wannan ba. Sai ɓarna ta auku ake neman mu kafa na'ura, alhali a lokacin babu awon baya da za a gwada da shi.

Dutse yana jure danniya, amma ba ya jure ja, ita kuwa girgiza ta gefe take turo gini. Don haka kusurwa nake fara dubawa, inda bango ke rabuwa da ɗan'uwansa kafin ya kife waje. Siraran sandunan ƙarfe da magina na dā suka ɗaure bango da bango sun ceci gine-gine da yawa. Rufin kankare mai nauyi da aka aza wa raunanan bangaye da sunan gyara kuwa, sau da yawa ƙara ɓarna ya yi.

Sai maganar shiga ciki. Ranar 26 ga Satumba 1997 girgiza ta taɓa cocin San Francesco da ke Assisi a Italiya cikin dare. Gari ya waye, masu duba ɓarna suka shiga. Kafin tsakar rana wata ta biyo baya, wani ɓangare na rufin ya rufto, mutum huɗu suka mutu: malaman coci biyu da ma'aikata biyu. Saboda irin wannan nake dagewa a kafa na'urar da ke aiko da awo daga nesa, a karanta shi a waje kafin kowa ya sa ƙafa ciki.