Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Aka Ce Rana Ta Kama Wata

A makon jiya na tsaya a inda na shiga cikin masu sha'awar kallon taurari, waɗanda muke hawa duwatsun Shere idan damina ta ɗauke, kafin hazo ya sauko. To da muka samu labarin za a yi husufin wata ranar Juma'a 27 ga Yuli 2018, sai na roƙi abokaina mu bar Shere, mu kafa madubin hangen nesa a unguwarmu, Unguwar Rogo. Ina da dalili.

Tun muna yara ake gaya mana wai wata ne yake ɓatan hanya ya bi ta hanyar rana, ita kuma ta cafke shi. Shi ya sa yara suke fitowa da gwangwanaye da murafun tukwane suna kaɗawa, suna roƙon rana ta sake shi. Kiɗan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne tsoron da ke biyo baya, a ce wani babba zai mutu, ko wani bala'i na tafe.

Yuli a Jos ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, tun la'asar muke duban hadari, amma Allah Ya sa gari ya ɗan buɗe. Bayan magariba inuwa ta fara cin gefen wata. Ƙarfe 8:30 ta rufe shi ruf, ya koma ja, kuma ya zauna haka awa 1 da minti 43, husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni.

Kakata ta fito da mayafi biyu saboda sanyi, jikoki na riƙe da ita. Ta sa ido a madubin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Maigidan, ka ce ba kama shi aka yi ba. To wannan jinin fa?"

Na ce, "Hajiya, ranar ai ta faɗi, tana can bayan duniya. Mu ne muka shiga tsakaninsu."

Na ba wani yaro tocila, na riƙe ƙwallo a tsakiya, ƙanwata ta ɗaga lemo a baya. Inuwar ƙwallon ta faɗa kan lemon. Na nuna musu gefen inuwar a lanƙwashe yake, kamar yadda suka gani a fuskar wata ɗazu, domin duniya a mulmule take. Wata yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000, rana kuwa kilomita miliyan 150, ina za su haɗu? Jan nan kuma hasken rana ne da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya ya karkata zuwa gare shi, irin jan da muke gani a yamma lokacin faɗuwar rana. Wani dattijo ya tambayi me ya sa ba a yi duk wata. Hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5, saboda haka yawanci ta sama ko ta ƙasan inuwar yake wucewa.

Da aka idar da sallar husufi, liman ya tunatar da jama'a cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Manzon Allah (SAW) ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wannan ya kwantar da hankalin dattawa fiye da duk bayanina, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Sai ga wani almajiri, gwangwaninsa a hammata, yana jan rigata. Ya nuna wata jar tauraruwa kusa da wata, ya ce, "Malam, ita ma an kama ta ne?" Duniyar Mars ce, wadda a makon ta matso kusa da mu fiye da kowane lokaci tun 2003. Washegari da sassafe yaron nan ya yi sallama a ƙofar gidanmu tare da malaminsu. Abin da ya kawo su, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.