Zuba 'ya'yan kifi a gulbi ba shi ke dawo da kifi ba

Daga Yauri har Argungu koken masunta ɗaya ne. Giwan ruwa babba sai an yi sa'a, yauni da bargi sun ja baya, ragar kalli kuma tana fitowa da ƙananan karfasa waɗanda a da ake watsarwa. Duk lokacin da aka zauna neman mafita, maganar da ke fara fitowa ita ce a sayo 'ya'yan kifi daga gidan ƙyanƙyasa a zuba a gulbi. Magana ce mai daɗin ji, ga ta da kyau a hoto. Amma akwai waɗanda suka shafe fiye da shekara 100 suna wannan aiki da kuɗin da ba mu da irinsa, kuma har gobe suna gardama a kan ko ya biya. Gara mu duba abin da ya same su kafin mu ɗauki jarka.

A arewa maso yammacin Amurka akwai kogin Kolambiya, gidan kifin samon da ɗan uwansa sitilhed. Ana ƙyanƙyashe su a cikin tsakuwar ƙananan rafuka masu sanyi, su gangara teku su yi shekaru suna girma, sannan su hauro da ƙarfin tsiya zuwa rafin da aka haife su don su yi ƙwai. Samon na tekun Fasifik yana mutuwa bayan ƙwan farko, sitilhed kuwa yakan iya komawa teku ya sake dawowa. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, kifi miliyan 10 zuwa 16 ke hauro wannan kogi kowace shekara. Sai aka fara datse shi don lantarki. An gama madatsar Bonabil a 1938 da matakalar da kifi zai bi ya wuce, amma babbar madatsar Girand Kuli da aka gama a farkon shekarun 1940 ba ta da matakala ko ɗaya, ta raba kifi da dukan rafukan da ke samanta. A kan kogin Sinek kuma aka jera wasu huɗu tsakanin 1961 da 1975. Diyyar da gwamnati ta bayar ita ce gidajen ƙyanƙyasa, waɗanda ke sakin miliyoyin 'ya'ya kowace shekara. Da duk wannan, a 1992 jan samon guda ɗaya tak ya iso tafkin Redfish a jihar Aidaho, inda a da dubbai ke zuwa.

Masu kare gidajen ƙyanƙyasa suna da hujja, ba a hana su ba. Mafi yawan samon da ake kamawa a Kolambiya yau daga can ya fito, ƙabilun asali da ke cin abinci da su sun dogara da shi, kuma da ba a tsare irin wancan jan samon a tankuna ba, da ya ƙare ƙurmus. Masu suka kuwa suna nuna wani bincike da aka yi a kan sitilhed na kogin Hud a jihar Oregon, aka wallafa a 2007. Ya nuna cewa kifin da aka raina a tanki, idan aka sake shi ya yi ƙwai a rafi, 'ya'yan da yake bari masu rayuwa suna raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zubi na zuriya da ya ratsa ta tanki. Dalilin ba boyayye ba ne. A tanki, kifin da ke tsira shi ne mai jure cunkoso, mai tasowa sama da zarar ya ga inuwar mai ba da abinci. A rafi wannan ɗabi'ar ce ke kai shi bakin tsuntsu. Idan ya haɗu da na daji suka hayayyafa, raunin ya shiga jinin na dajin. Shi ya sa can ake yanke wa kifin tanki ɗan ƙaramin fiffiken da ke kusa da wutsiya kafin a sake shi, a wurare da dama doka ta ce mai fatsa ya riƙe mai yankakken fiffike, ya mayar da mai cikakke ruwa. Abin da ya fi sauya lissafi kwanan nan shi ne rushe madatsu: biyu a kogin Elwa tsakanin 2011 da 2014, huɗu a kogin Kilamat da aka kammala a 2024, inda cikin 'yan makonni aka ga samon a rafukan da ya fi shekara 100 bai taka ba.

Kifinmu ba ya zuwa teku, kuma babu mai cewa a rushe Kainji. Amma shi ma yana da tafiyar da ba ya haihuwa sai da ita. Tasa ta gefe ce, daga gulbi zuwa fadama. Da ruwa ya fara hawa a watan Yuli zuwa Agusta, tarwaɗa ke bin sabon ruwa cikin dare ta shiga ciyawar da ta nutse, ta watsa ƙwai masu manne wa ganye, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya. Bargi yana share fili a cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kusan mita ɗaya, iyaye su tsaya gadi. Yauni yana yin tasa sheƙar mai yawo a saman ruwa. Duk waɗannan 'ya'ya suna bukatar ruwan ya zauna a fadama wata biyu zuwa uku, su ci ƙwari da tsutsa a ruwa mara zurfi mai ɗumi, su yi girman da za su iya komawa gulbi idan ruwa ya fara ja. Idan ambaliyar ta zo gajera, ko ta hau yau ta sauka jibi saboda an buɗe ƙofar madatsa an rufe, ƙwai ya bushe a kan ciyawa, 'ya'ya su maƙale a kududdufai belbela ta tsince su. Masunta sun daɗe da sanin cewa shekarar babban ruwa ita ke cika kwale-kwale a shekarar da ke biye.

To ruwan da ke wucewa ta Argungu da Birnin Kebbi yanzu yana hannun madatsu biyu: Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, da Goronyo a kan gulbin Rima. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori a farkon shekarun 1980 ya nuna ambaliya ta ragu, noman fadama ya ragu, kamun kifi ma ya faɗi. A ɓangaren Yauri kuwa, Neja na kawo ruwa sau biyu, farin ruwa na daminarmu da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga tsaunukan Gini, kuma madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a sama da Yamai za ta taɓa wannan tsari. Saboda haka abu na farko da ya kamata shugabannin masunta su nema daga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ba 'ya'yan kifi ba ne. Jadawalin sakin ruwa ne: a saki a hankali, ya hau a hankali, a riƙe shi makonni, ya sauka a hankali, kuma a sanar da mutanen ƙasa kafin lokaci don manomin shinkafa ma ya shirya.

Sai matsalar irin da za a zuba. Duk wanda ya san aikin ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san yadda ake yi. Ana yi wa mace allurar Ovaprim, maganin da ke sa ƙwanta ya nuna, rabin mililita ga kowane kilo, a jira kamar awa 10 zuwa 12 gwargwadon ɗumin ruwa, a matse ƙwai a roba. Namijin kuwa sai an yanka shi an ciro maniyyinsa, don haka mai gida ba ya son asarar maza, namiji ɗaya yakan ba mata da yawa. Mace mai kilo ɗaya tana ba da ƙwai dubbai masu yawa, ke nan 'ya'ya 100,000 na iya zama na uwa biyu ko uku da uba ɗaya. Ga mai kiwo a kandami wannan ba damuwa, wata shida ya sayar. Ga gulbi kuwa cuta ce. Ƙari a kan haka, yawancin irin da ke kasuwa zuriyar gona ce da aka yi ta haɗawa a tanki shekara da shekaru, wani ma haɗin tarwaɗa da ramboshi ne, kifi mai ci kamar gara, wanda zai bi 'ya'yan karfasa da na kurungu ya cinye. Irin wannan bai kamata ya kusanci gulbi ba ko a kyauta.

Ko da irin mai kyau ne, ina zai tsira? Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3 idan an ja idon ya miƙe, sai dai wadda aka keɓe wa warangi, ɗan ƙaramin kifin nan da ba ya girma. Ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Je ka bakin ruwa ka duba abin da ke shanye a kan yashi: kalli mai inci ɗaya da rabi, birgi mai ƙaramin ido, tarkon gura an jera ɗaruruwa a bakin mashigar fadama, har gidan sauro an ɗinke ana ja. A tafkin Kainji, wanda ya cika bayan datse Neja a 1968, an sha fama da dala, babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa don warangi, wadda ke kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na falia tare da shi. Aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya kai ga hana ta, amma hani ba ya tsare kansa. Masu zuba gubar gamalin da magimfa kuwa ba masunta ba ne, maɓarnata ne, suna kashe kududdufi ɗungurungum don kwando biyu. Idan aka zuba 'ya'yan kifi a ruwan da ake wa irin wannan su, kafin wata biyu an banda su an kai kasuwa.

Inda zubawa ke aiki shi ne ruwa mai iyaka: tafkin gari, ƙaramar madatsar ƙasa, ramin da masu aikin hanya suka bari, ko tsohon hannun gulbi da ya yanke, muddin yana riƙe ruwa aƙalla wata shida kuma yana da mai tsaronsa. A nan ma da ƙa'ida. A kamo iyaye daga gulbin yankin, kada su gaza mata 50 da maza 50, a haɗa su ɗaya da ɗaya, a sake sabbin iyaye kowace shekara. Kada a zuba 'ya'ya masu santimita 2 ko 3, kwaɗi da ƙwarin ruwa ma sun ishe su, a raina su sai sun kai santimita 8 zuwa 10. A hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya, don kashinsu ne ke ɓata ruwan jarka ya kashe su a hanya. A tashi da asuba. Tarwaɗa na shaƙar iska, jarka mai yankakken baki da ruwa rabi ta ishe ta, karfasa kuwa sai leda mai iskar oksijin. Idan an isa kada a juye kai tsaye. A ajiye ledar ko jarkar cikin ruwan tafkin minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙara ruwan wurin kaɗan kaɗan har ɗumin ya daidaita, sannan a karkata su fita da kansu kusa da ciyawa, a wurare daban daban. Mutuwar da ake gani washegari yawanci daga wannan gaggawar take, sai a ɗora wa mai gidan ƙyanƙyasa laifi. Kuma a yi musu alama kamar yadda Amurkawa ke yi. Tarwaɗa ba ta da wancan ɗan fiffike na baya, amma ana iya yanke ɗaya daga fiffiken ciki, a sa wani ya riƙa ƙirga masu alama a bakin ruwa ranar su. In ba haka ba, babu wanda zai iya faɗin ko kuɗin ya haifar da kifi.

Ga gulbi kansa, dabarar da ta fi araha tana hannun Kabawa tun kafin a fara bikin Argungu a 1934. Matan Fada, ruwan da ake yin bikin a cikinsa, ba a taɓa shi duk shekara sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa har a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78 daga ruwan da bai fi ɗan yanki ba. Kowane gari na bakin gulbi zai iya keɓe gurbi mai zurfi ɗaya ko biyu inda manyan iyaye ke fakewa da rani, a hana kamun kifi a cikinsa ɗungum, a kuma buɗe mashigar fadama daga Yuli zuwa Satumba, ba gura, ba shinge. Wahalar ita ce wata ukun nan, domin masunci da ba shi da gona ba zai ci alkawari ba. Nan ne kuɗin da za a kashe wajen sayen 'ya'yan kifi ya fi amfani: a karɓi ƙaramar raga a ba shi mai inci 3 a madadinta, a ba da rancen iri da taki ga masu noman shinkafa a cikinsu, a biya 'yan sintiri daga cikin masuntan garin, ƙarƙashin sarkin ruwansu, tarar da aka ci kuma ta shiga asusun ƙungiya a gaban kowa. Garuruwan da ke gaɓa biyu na ruwa ɗaya su sa hannu tare a gaban hakimi, domin idan wannan gefe ya ajiye raga wancan bai ajiye ba, yarjejeniyar ba za ta kai Agusta ba.