Ƙwayar ƙara ƙarfi da tarihin da ta ɓata: shawara ga ƙannena masu ɗaga ƙarfe

Amurkawa suna da wani wasa mai suna besbol, wanda a wajensu ya wuce wasa ya zama gado. Wani ne zai jefo ƙwallo da gudun tsiya, wani kuma ya tsaya da gora yana jiran ya make ta. In ya make ta har ta tsallake shingen fili ta faɗa cikin 'yan kallo, to ya yi abin kai, kuma irin wannan bugun tsallake shi ake ƙirga wa ɗan wasa har bayan ransa. Masoya wasan sun riƙe lissafinsa da haƙori. Tsoho zai zaunar da jikansa ya jero masa lambobi da ka: Babe Ruth ya yi bugun tsallake 60 a kakar 1927, Roger Maris ya yi 61 a 1961, Ruth ya tara 714 a rayuwarsa, Hank Aaron ya wuce shi a 1974 ya tsaya a 755. Aaron baƙar fata ne, kuma sai da ya sha wasiƙun barazanar kisa daga masu wariyar launin fata kafin ya kai ga wannan lamba. Saboda haka in Ba'amurke ya ce 755, ba lissafi kawai yake nufi ba.

A 1998 ina ɗalibi a jihar Missouri. Wasan yana farfaɗowa ne daga yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke gasar ƙarshe ta World Series, mutane da yawa suka yi zuciya suka ƙaurace wa filaye. Ana cikin haka sai ga Mark McGwire na ƙungiyar St. Louis Cardinals, wani jibgegen mutum mai jan gashi, da Sammy Sosa na Chicago Cubs, ɗan Jamhuriyar Dominika, suna tseren wanda zai fara goge tarihin Maris. Ranar 8 ga Satumba McGwire ya yi bugu na 62 a birnin St. Louis. 'Ya'yan Maris suna cikin fili, ya hau wajen 'yan kallo ya rungume su, Sosa ma ya rugo ya rungume shi. Kaka ta ƙare McGwire yana da 70, Sosa 66. Ni da na tashi ban san komai ba sai ƙwallon ƙafa, na wayi gari ina leƙa jarida kowace safiya in ga ko an ƙara.

A watan Agusta na wannan shekarar wani ɗan jaridar Associated Press, Steve Wilstein, ya hango wata 'yar kwalba a ma'ajiyar kayan McGwire, an rubuta androstenedione a jikinta. Sinadari ne da jiki ke iya juyawa ya zama testosteron, wato sinadarin mazantaka. Hukumar wasannin Olamfik ta riga ta haramta shi, amma hukumar besbol ba ta hana ba, kuma ana sayar da shi a kanti ba tare da takardar likita ba. Da labarin ya fito, ɗan jaridar aka rufar wa, wai me ya kai idonsa cikin kayan mutane. Ciniki kuwa sai ya buɗe wa masu sayar da ƙwayar.

Ina cikin waɗanda suka saya. Na fara zuwa ɗakin motsa jiki ke nan, ni siriri, ina ganin ƙarti suna ɗaga abin da ko motsa shi ban iya ba. Hujjata guda ce: doka ba ta hana ba, ga kuma gwarzon gari yana sha. Ku lura da wannan hujja, don da ita kusan kowa ke shiga. Doka a kullum bayan masu haɗa magani take tafiya. Sai a 2004 gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙwayar, alhali ni tuni na wuce wurin, na koma allurar sitiroyid, wato sinadarin gina tsoka mai kwaikwayon testosteron. Wani da muke ɗaga ƙarfe tare shi ke kawo ta, ƙananan kwalabe a cikin jakar kayan aski, wasu ma takardar jikinsu ta goge. Ruwan mai ne mai kauri, sai an danna da ƙarfi yake shiga. Na kan soka a cinya, wurin ya yi tauri ya yi zafi, har zaman tahiya ya riƙa gagara ta sai na karkace. Ban taɓa tambayarsa inda aka haɗa ta ba, don ba na son jin amsar.

Akwai abin da masu wa'azi a kan ƙwaya ba su cika faɗa muku ba, ni zan faɗa: tana aiki. In wani ya ce muku ba ta aiki, ranar da kuka ga abokinku ya cika riga cikin 'yan watanni za ku daina yarda da duk sauran maganarsa. Sitiroyid ba ya ɗaga maka ƙarfe. Abin da yake yi shi ne ya sa tsoka ta warke da wuri ta ginu da sauri, ka yi atisayen da ya kamata ya kwantar da kai, gobe ka tashi garau ka sake. A nan yaudarar take, domin gumin naka ne na gaske. Kai ka tashi da asuba, hannunka ne ya yi kanta, saboda haka zuciyarka za ta ce maka halaliyarka ce. McGwire da kansa, lokacin da ya amsa a watan Janairun 2010 cewa ya yi amfani da sitiroyid har da kakar 1998, ya dage a kan cewa don jinyar rauni ya sha, wai ba ita ta ba shi bugun ba. Mutane sun yi masa dariya. Ni ban yi ba, don na san muryar da ke faɗa masa haka.

Amma lissafi ba ya jin wannan murya. Daga kafuwar babbar gasar besbol ta Amurka har zuwa 1997, sau biyu tak aka taɓa kai bugu 60 a kaka guda. Daga 1998 zuwa 2001 an kai sau shida, kuma mutum uku ne suka yi: McGwire sau biyu, Sosa sau uku, sai Barry Bonds na San Francisco Giants da ya yi 73 a 2001, shekarar da ya cika 37, shekarun da yawancin 'yan wasa ke shirin ajiye gora.

A kan Bonds nake so ku tsaya, domin labarinsa ya fi na kowa ciwo. Mutumin nan ba ya bukatar komai. Kafin 1998 sau uku ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa na rukuninsa, a 1990 da 1992 da 1993. A 1998 ɗin ma, lokacin da idon duniya ke kan McGwire da Sosa, ya zama mutum na farko a tarihi da ya haɗa bugun tsallake 400 da satar sansani 400 (wato rugawa daga wata matsaya a fili zuwa ta gaba kafin abokan hamayya su tare ka), abin da ke bukatar ƙarfi da gudu a jiki ɗaya, amma kusan ba wanda ya waiwaye shi. Da a ranar ya yi ritaya, da tuni sunansa na cikin zauren gwarazan wasan da ke garin Cooperstown a jihar New York. Bayan haka jikinsa ya sauya a idon kowa. A 2003 jami'an gwamnati suka kai samame wani kamfani mai suna BALCO a California, na wani Victor Conte, inda aka gano ana raba wa 'yan wasa wani sinadari da aka ƙera musamman don gwaji ya kasa gano shi. Mai horar da Bonds, Greg Anderson, yana cikin waɗanda aka ɗaure. Shi Bonds har yau maganarsa ita ce bai taɓa sha da saninsa ba, kuma hukuncin da kotu ta yanke masa a 2011 na kawo wa shari'a cikas an soke shi a 2015. Ya wuce Aaron ranar 7 ga Agustan 2007, ya ƙare da 762. Sai dai shiga zauren Cooperstown na bukatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta wasanni, shi kuwa shekara goma yana kan takardar zaɓe, a ta ƙarshe a 2022 ya tsaya a kashi 66. Shekarun farko da babu mai tuhumarsa a kansu, su ma zargin ya haɗiye su. Yau in an ambaci sunansa ba mai tuna siririn saurayin nan mai gudu da tsalle da ya fara wasa a ƙungiyar birnin Pittsburgh.

Sauran tonon asirin ya zo a jere. Ken Caminiti, gwarzon ɗan wasa na rukuninsa a 1996, ya faɗa wa mujallar Sports Illustrated a 2002 cewa da sitiroyid ya yi waccan kakar, ya kuma rasu a 2004 yana da shekara 41 sanadin miyagun ƙwayoyi. A watan Maris na 2005 majalisar dokokin Amurka ta kira 'yan wasa. McGwire ya yi ta nanata cewa bai zo don maganar abin da ya wuce ba. Rafael Palmeiro ya nuna 'yan majalisa da yatsa ya ce bai taɓa sha ba, a watan Agusta aka dakatar da shi bayan gwaji ya nuna sinadarin stanozolol a jikinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Disambar 2007 rahoton tsohon sanata George Mitchell ya fito da sunayen 'yan wasa 89. Alex Rodriguez ya amsa nasa a 2009, ya sake faɗawa wata badaƙalar, aka hana shi buga kakar 2014 gaba ɗaya.

Abin mamaki, ba a goge ko lamba ɗaya ba. A Olamfik an ƙwace zinaren ɗan tsere Ben Johnson a 1988, 'yar tsere Marion Jones ta mayar da lambobin yabonta a 2007, amma a besbol 73 da 762 suna nan a littafi. Mutane ne suka goge su a zukatansu. Ƙwallon da Bonds ya wuce Aaron da ita, wani attajiri mai sana'ar tufafi, Marc Ecko, ya saye ta a kan dala sama da 750,000, ya sa jama'a suka yi ƙuri'a a intanet, aka zana mata alamar tauraro ta tuhuma kafin a kai ta Cooperstown. Da Aaron Judge na New York Yankees ya yi 62 a 2022, ɗan Maris ya fito ya ce shi ne mai tarihi na gaskiya, aka yi ta musu. A ganina waɗanda aka fi zalunta ba su cikin wannan musun ma. Su ne waɗanda suka ƙi sha a wancan zamani, suka ƙare a ƙananan ƙungiyoyi saboda wani ya cika allura ya karɓe gurbinsu, da kuma waɗanda suka yi fice da guminsu amma har yau ana yi musu kallon biyu-biyu don kawai a lokacin suka yi wasa.

Ni ba ni da tarihi a littafin kowa, sai wani ɗan littafi da nake rubuta nauyin da na ɗaga. Da na daina, lambobin suka riƙa zamewa ƙasa, kuma ban iya nuna shafi ɗaya in ce daga nan zuwa nan nawa ne, saura na kwalba. Abin da jikina zai iya kaiwa da kansa a shekarun ƙuruciya, na rufe ƙofar saninsa da hannuna. Wannan ya fi ƙurajen da suka feso min a baya ciwo, ya fi saurin fushin da ya sa abokan zamana suka riƙa kaffa-kaffa da ni.

Na jiki ma ba wasa ba ne. In kana ɗura wa jiki testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan umarci 'ya'yan maraina su daina yin nasu, sai su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wasu mazan ƙirjinsu ya kumbura. Jini yakan hau, kitsen jini ya lalace, tsokar zuciya ta yi kauri, irin na haɗiya kuma hanta suke ci. Yaron da bai gama tsawo ba yana iya tsayar da girman ƙashinsa. Ranar da ka daina kuwa, na waje ya yanke, na ciki bai farka ba, sai ka faɗa wani irin mutuwar jiki da baƙin ciki marar dalili. Na yi watanni a haka, tashi sallar asuba ma sai da ƙyar, kuma ban gaya wa kowa ba don kunya. A zaman majalisar nan na 2005 akwai wani uba, Don Hooton, wanda ɗansa Taylor, mai jefa ƙwallo a makarantar sakandare a Texas, ya kashe kansa a 2003 yana da shekara 17, jim kaɗan bayan ya daina sha. Iyayen sun ɗora alhakin a kan wannan baƙin cikin. Shekaru bayan nan, da na yi aure haihuwa ta yi jinkiri, sai da na zauna gaban likita na kwashe labarin duka, ina kallon ƙasa. Allah ya rufa asiri daga baya, amma ba kowa ke dacewa ba.

Na san ba besbol kuke bugawa ba. Amma kwalbar ta iso wuraren ɗaga ƙarfe na garuruwanmu, kuma mai tallarta ba zai ce maka sitiroyid ba ce, zai ce sinadarin gina jiki ne daga waje. Duk abin da aka ce a soka da allura, ko ƙwayar da aka ce a sha na wasu makonni a huta a sake, to ku ɗauka ita ce ko danginta. Masu shan ƙwayar ƙiba irin su dexamethasone su ma su sani, duk da ajinta daban ne kuma ba ta gina tsoka, kumburi take sa wa, ga hawan jini da ciwon suga, kuma yanke ta farat ɗaya haɗari ne. Wanda bai fara ba, ya riƙe wake da ƙwai da nono da isasshen barci, ya yarda cewa ƙirji shekaru yake ɗauka. Wanda kuma ya riga ya fara, kada ya yi irin tawa ya daina a ɓoye shi kaɗai. Ya ɗauki kwalbar ko hotonta ya je asibiti, ya faɗa wa likita sunan abin da adadin da tsawon lokacin ba tare da rage komai ba, a duba masa hawan jini da hanta da kitsen jini da sinadarin mazantaka. Ya kuma samu mutum ɗaya a gida, wa ko aboki, ya gaya masa cewa watannin da ke tafe za su yi nauyi, a riƙa leƙa shi.