Abin da bita da ɗaliban likitanci ta koya mini

Ɗaliban likitanci da ke zuwa wurina bita ba su da matsalar ƙwaƙwalwa. Yawancinsu sun yi makarantar allo ko islamiyya, sun san yadda ake ɗaukar shafi a zuba shi a ka. Ka ba su zagayen Krebs (jerin matakan da jiki ke bi ya samar da kuzari daga abinci) da daddare, da safe za su karanto maka shi babu tuntuɓe. Ba na raina wannan baiwa, domin wanda zai tunkari jarrabawar MBBS ta biyu, wato ta digirin likitanci, inda anatomi da fiziyoloji da bayokemistri ke haɗe masa kai lokaci guda, dole ya iya hadda. Abin da nake tuna musu kawai shi ne muraja'a. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa abin da aka haddace ya fi zubewa a kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba, kuma alarammomi sun daɗe suna aiki da wannan a tsangaya.

Aikin gaske yana bayan haddar, kuma a kan cutar sikila na fi ganin haka. Kowane ɗalibi zai gaya maka cewa a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, sinadarin balin ne ya maye gurbin sinadarin gulutamik asid. Wani har ya ƙara da cewa Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa aibin yana cikin himogulobin ɗin kansa. Sai in ja kujera in ce: "Ɗauka ni magidanci ne, ni AS, maiɗakina AS, ɗanmu na fari yana kwance yana kukan ciwon ƙashi. Likita, an ce ɗaya cikin huɗu ne. Ke nan uku masu zuwa sun tsira?"

Ɗakin kan yi tsit. Wasu har gyaɗa kai suke yi, alhali kowane ciki da nasa lissafin, yiwuwar sikila kashi 25 cikin 100, ko da an haifi masu sikila biyu a jere. Wata ɗaliba ce ta warware mana shi da murafen lemo guda biyu. Ta rubuta A a bayan kowanne, S a cikinsa, ta ce: "Baba, wannan kai ne, wannan Mama. Duk cikin da aka samu, sabuwar jifa ce, kuma sai duka biyun sun nuna S ake samun sikila." Ta watsa su a kan tebur, ta kwashe, ta sake watsawa. Har yau da murafen nake koyarwa.

Ɗalibin da ya kai nan ba ya buƙatar haddace jerin shawarwari. Ya san cewa idan iskar oksijin ta ragu, ƙwayoyin jini kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, don haka da kansa zai ce wa uwa ta yawaita ba yaro ruwa, ta rufe shi da hunturu, ta sa shi a gidan sauro, kuma kada ta yi wasa da zazzaɓi.

Abu mafi wuya a wurina shi ne yin shiru bayan tambaya. Baki yana ƙaiƙayin ba da amsa, amma idan na ba da ita, wata hadda ce kawai na ƙara musu.

Akwai kuma ɗalibin da zai daina zuwa ba sallama. Da wuya ka tarar lalaci ne. Galibi ya faɗi wata jarrabawa ne, ko kuɗin makaranta sun gagara, ga shi a gida tun yana aji ɗaya ake kiransa likita, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Irin wannan ba na aika masa saƙo ta hannun abokansa. Ni nake kiransa, in tambayi mutanen gida, in tambaye shi ko ya ci abinci. Maganar karatu sai ya zo mun zauna mu biyu, mu buɗe takardar da ya faɗi mu bi ta tambaya bayan tambaya.