Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kifi Ba Ya Ɓata

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a kan zuwan Hajiya da yara Oswigo, garin da ke bakin Tafkin Ontariyo a jihar Niyok ta Amurka, na ce yau daga nan zan ɗora. Ku yi mini haƙuri, wata magana ce ta sha gabana. Tun ranar sunan jikar Yaya a Yawuri, da ɗan Baffa ya ce a gaban mutane wai abin da nake yi a Amurka ba kamun kifi ba ne, inji ke kamawa ni kuma in tsaya a ɗauke ni hoto, maganar nan ba ta bar ni ba. Ban tanka masa ba a ranar saboda manya na zaune. Yau zan shimfiɗa aikin kansa, shi da duk wanda ya yi dariya su karanta su yi hukunci.

Baffa, Allah ya jiƙansa, in yara suka dawo da kwale-kwale wayam suna cewa kifi ya ɓata, sai ya ce: "Kifi ba ya ɓata, masunci ke ɓata." Duk gidanmu an san wannan.

Tafkin Ontariyo tsawonsa ya haura kilomita 300, wuri mafi zurfi a cikinsa mita 244. Ruwan daɗi ne, ba gishiri. Da rani ruwan yakan kasu hawa-hawa: sama ɗumi, ya kai digiri 21 ko 22 a watan Agusta, can ƙasa kuma digiri 4 ne, ba ya canzawa. Tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda sanyi ke faɗowa farat ɗaya, ni iyakar sanyi nake ce masa. Dukan sana'ar a kan neman iyakar nan take. Babban kifin samon da ake kira Shinuk yana zama daga digiri 6 zuwa 12, yana hawowa ya kai farmaki ya koma. Wani kifin kuma, tirawut ɗin tafki, yana son wajen digiri 9 zuwa 10 ko abin da ya fi haka sanyi, kuma ya fi kwanciya a gindin ruwa. In ƙugiyarka na tafiya ƙafa 20 sama da wannan hawa, za ka yini kana ƙona fetur a banza.

Iyakar kuma ba ta zama wuri ɗaya. A gaɓarmu ta kudu, in iskar yamma ko ta arewa maso yamma ta yi kwana biyu tana kaɗawa, takan tara ruwan ɗumi a bakin gaɓa, ta danna sanyi ƙasa zuwa ƙafa 100 ko 120. In ta juya ta koma gabas ko arewa maso gabas, sai ta kore ɗumin zuwa tsakiyar tafki, ruwan ƙasa mai sanyin ƙanƙara ya taso har sama. Masunta a nan cewa suke tafki ya kife. Inda ka cika akwati jiya, yau ko ɗan tsako babu. Wanda bai san ruwa ba zai koma wurin jiya ya ce kifi ya ɓata. Wanda ya sani zai miƙa mil takwas ko goma cikin tafki har ya tarar da inda ɗumi da sanyi suka sake haɗuwa. Wane inji ne zai yanke maka wannan shawarar?

Ga yadda ake kai ƙugiya can ƙasa. Abu na farko shi ne masaukin dalma, wanda suke kira dawunriga. Hannu ne na ƙarfe a bayan jirgi, da kwarkwaro mai waya, a ƙarshen wayar dunƙulen dalma mai nauyin kilo 5 zuwa 7. A jikin dalmar akwai ɗan matsi. Za ka saki zaren sandarka a baya, ƙafa 15 zuwa 30 in ƙasa sosai za ka, ƙafa 60 ko fiye in kusa da sama ne kuma ruwa ya yi garau. Sai ka maƙala zaren a matsin, ka sassauta birkin kwarkwaron sanda, ka sauke dalma a hankali. Da ta kai inda kake so, ka naɗe zare har sanda ta lanƙwashe kamar baka. In kifi ya kama, zare ya fizge daga matsi, sanda ta miƙe tsaye. A wannan daƙiƙar zare a sake yake, dole ka naɗe da sauri har ka ji nauyinsa, in ba haka ba ya tofar da ƙugiya.

Matsin nan shi ke kayar da sabon shiga. In ya yi sako-sako, kowace igiyar ruwa ta fizge zare, ka yi ta saukewa da hawarwa. In ya yi tsauri, ƙaramin kifi ya kama bai iya fizgewa ba, ka ja shi awa guda ba ka sani ba, ya mutu, sandar kuma ta tashi aiki duk tsawon lokacin. Shi ya sa ake duba kowace sanda duk bayan minti 20 zuwa 30, ko ba ta motsa ba. Sannan lambar da ke kan kwarkwaro tsawon waya take faɗa maka, ba zurfi ba. Ruwa yana tura dalma baya, waya ta karkace. Ka saki ƙafa 100 kana gudun mil biyu da rabi, dalmarka na iya kasancewa a ƙafa 85. Gwargwadon gudu da sauƙin dalma, gwargwadon karkacewa.

Gudu kuwa, samon yana son mil 2.2 zuwa 2.8 a awa, tirawut mil 1.5 zuwa 2. Amma gudun da jirgi ke yi a sama daban, wanda ƙugiya ke yi a ƙasa daban, domin akwai ruwa mai gudana a ƙarƙashi wanda ido ba ya gani. Kana tafiya yamma cokali, wato ƙoton ƙarfe, na rawa daidai, ka juyo gabas da gudu iri ɗaya ya koma jujjuyawa kamar farfela ko ya mutu ɗungum. Yanzu akwai ɗan ma'auni da ake ɗaurawa kusa da dalma, yana aiko sanyi da gudu daga ƙasa. To ya aiko maka lamba, me za ka yi da ita? Kafin ma'aunin, da karkacewar waya da kukan da take yi ake ganewa, kuma har gobe da su nake fara dubawa. Akwai kuma dabarar kwana: in ka karya jirgi, sandunan ciki sukan rage gudu su nitse, na waje su ƙara gudu su taso. Ɓangaren da kifi ya buga shi ya gaya maka abin da yake so ranar.

Na tuna Baffa yana tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu kafin ya bari a zuba taru, shekarun da madatsar Kainji ta canza mana kogi. An gama ta a 1968. A shekarar ce kuma jihar Niyok ta fara zuba samon a Ontariyo, ban san haka ba sai da na yi furfura. Abin da ya faru shi ne wata halitta mai kama da matsattsaku, lamfire, doguwa mai baki kamar ƙahon wanzami, ta haɗu da yawan kamu suka gama da tirawut a manyan tafkunan nan wajen shekarun 1950. Da babban kifi ya ƙare sai wani ƙaramin kifi mai suna elwaif ya cika ruwa, har a 1967 gawarwakinsa suka rufe gaɓar Tafkin Mishigan. Howard Tanner, shugaban sashen kifi na jihar Mishigan, shi ya kawo shawarar a ɗauko samon daga tekun Fasifik ya cinye shi. A can Mishigan aka zuba samon ɗin da ake kira koho a 1966, Shinuk a 1967. Lamfire kuma tun 1958 ake zuba masa magani a rafukan da yake haihuwa, amma har yau za ka ciro tirawut da tabon bakinsa a gefe, zagaye kamar kwabo. Saboda haka duk abin da muke ja a ruwa kwaikwayon elwaif ne.

Ƙoto iri uku ne a jirgina. Cokali, siririn ƙarfe mai tsawon inci huɗu, fari ko kore, da asuba mai haske a duhu. Sai faifan walƙiya na inci takwas, a bayansa gashin roba mai ƙugiya biyu a kan zare mai kauri, tsawon inci 22 zuwa 24. Tsawon nan ba ado ba ne. Faifan ne ke wujijjiga gashin, in zare ya yi tsawo gashin ya mutu, in ya gajarta ya haukace kifi ya kasa cafka. Na uku yankan kifi a cikin hular roba, wanda dole ka gwada shi a gefen jirgi ka ga yana juyi ɗaya ko biyu a daƙiƙa kafin ka sauke.

Dawunriga ƙarƙashin jirgi kawai yake ci. Don a buɗe gefe ana amfani da Dipsy Diver, wani faifai mai dalma a ciki da ake juyawa daga 0 zuwa 3. A lamba 2 ko 3 yana nitsewa yana kuma janyewa gefe. Da waya ake jansa, mai igiya bakwai mai ɗaukar laba 30, kusan ƙafa uku na waya ga kowace ƙafa ɗaya ta zurfi, wato ka saki 240 ka sami wajen 80. A sake shi a hankali da birki a ɗaure kaɗan, don in ka bar shi ya zube zai wuntsila ya naɗe ƙoton a jikinsa. Waya ba ta miƙewa, shi ya sa ake sa guntun roba tsakanin faifai da ƙugiya, in ba haka ba bugun Shinuk mai kilo 10 zai tsinke zare ko ya yage bakinsa. Kuma in waya ta ƙulle ta yi gwiwa, yanke wurin nan take. A nan za ta karye, kuma ranar babban kifi za ta karye. Can nesa da jirgi kuma sai zare mai dalma a ciki, mai launi-launi, kowane launi yadi goma yana nitsewa ƙafa huɗu zuwa biyar, ko wayar jan ƙarfe, ƙafa 300 ta kai ka wajen 60, a maƙala su a allo mai yawo a saman ruwa ya ɗauke su gefe. Doka sanda uku ta yarje wa kowane mutum. Mutum huɗu a jirgi, sanda takwas ko tara a ruwa, kowace da zurfinta da nisanta, kuma kwana ɗaya mai kaifi ya isa ya dunƙule su duka. Wanda ya taɓa warware mamari da ya harɗe ya san rabin wannan wahala.

Inji ke kamawa, in ji ɗan Baffa. Shi da ko taru bai taɓa ɗinkewa ba, tun Baffa na raye yana kallon haka.

Tirawut aikinsa daban ne, kuma shi na fi so, ko da yake baƙin da nake ɗauka a jirgi Shinuk suke nema. Da rani yana kwance a ƙafa 100 zuwa 150, cikinsa a kan laka. Za ka rage gudu zuwa mil 1.6 ko 1.8, ka ɗaura jerin faya-fayan ƙarfe masu juyi, a bayansu ɗan ƙoto mai fiffike da ke yawo. Ka sauke dalma har ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ƙafa ɗaya ko biyu, kana barinta tana ɗan dungurar laka lokaci-lokaci. Ƙurar da ta tayar ita ke tada shi. Haɗarin shi ne dalma ta maƙale a dutse, don haka birkin dawunriga kada ya zama a ɗaure tamau, kuma almakashin waya ya kasance inda hannu zai kai. Gara ka rasa dalma da igiyar ruwa ta shigo ta bayan jirgin da ƙasa ta riƙe. Tirawut ba ya gudu irin na Shinuk, wanda zai iya zare maka ƙafa 300 a farmaki ɗaya. Shi nauyi yake yi yana girgiza kai. A hawo da shi sannu, zai yi gyatsa ya fitar da iska, ka ga kumfa na tasowa kafin ka gan shi. In za ka sake shi, ka hanzarta, ruwan sama mai ɗumi kashe shi yake. In ka ga an yanke ɗan fiffiken nama da ke kusa da wutsiya, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne. In yana nan, mai yiwuwa haihuwar tafki ne, irin wannan ina mayar da shi ruwa ko baƙo ya ɓata rai. Kifi ne mai jinkirin girma, ga elwaif da yake ci yana rage wa ƙwansa sinadarin tayamin, 'ya'yan su mutu da ƙuruciya. A watan Oktoba, lokacin zuba ƙwai, an rufe kamunsa.

Daga Yuli zuwa Agusta akwai wata masifa, ƙuman ruwa masu ƙaya da jiragen dakon kaya suka kawo daga Turai. Suna taruwa a kan zare kamar jiƙaƙƙiyar auduga, su toshe idon sanda kana tsaka da faɗa da kifi. Maganinsu zare mai kauri, laba 30, da yawan sharewa.

Shekarun da na yi ina yaron jirgi kafin in sami nawa, ba abin da zan ce a kansu sai alhamdu lillahi. Tashi ƙarfe uku, sallar asuba a bakin ruwa ko a cikin jirgi, sanduna su riga rana shiga ruwa, domin awa biyun farko sun fi sauran yinin. Ƙarshen Agusta manyan Shinuk, 'yan shekara uku da huɗu, sukan taru a bakin kogin Oswigo da Kogin Samon na garin Fulaski, jikinsu ya fara duhu, sun daina ci, fushi kawai ke sa su bugu. Su haura kogi su zuba ƙwai su mutu, wasu a ɗebi ƙwansu a gidan ƙyanƙyasa na garin Altma.

Da kifi ya shigo jirgi a yanka masa maƙoshi jini ya fita, a sa shi cikin ƙanƙara nan take. Wajen gyara a feɗe fata, a cire kitsen ciki da baƙin naman gefe, domin a nan guban masana'antu na da can ke taruwa, hukumar lafiya ma tana da ƙa'idar yawan cinsa. Tirawut mai ne da shi, banda ta fi karɓarsa. Hajiya takan jiƙa shi dare ɗaya a ruwan gishiri da citta, ta bar shi ya sha iska, sannan hayaƙi marar zafi na awa biyar ko shida. Shi ne wanda na kai gida a zuwan nan na suna, aka ci aka suɗe, har da mai maganar.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan zuwansu Hajiya, da dusar ƙanƙarar da ta rufe mana ƙofa a watan farko.