Sana'ar shirya tsofaffin motoci don filin tsere a Ingila

Garejina ƙarami ne, a gefen birnin Leicester, ni da yara biyu. A Kaduna na koyi aiki, a kan Peugeot 504, kuma abin da na koya a can ne yake ciyar da ni a nan, domin matasan makanikan Ingila sun saba da jona kwamfuta ta gaya musu ciwon mota. Motocin da ake kawo mini ba su da inda za a jona komai. MGB ce, da Triumph Spitfire, da TR6, wani lokaci Lotus Elan. Da kunne ake saita kafiretonsu.

Masu su yawanci dattawa ne. Sukan biya kuɗin yini guda a filin tsere, kamar Mallory Park da ke kusa da mu, ko Donington Park, ko Cadwell Park, su sa hular kwano su yi ta zagaye iya son ransu. A irin wannan rana babu gasa, an ma hana ɗaukar lokaci, kuma inshorar titi ba ta biyan ɓarnar da ta faru a can. Aikina shi ne motar ta je da ƙafarta ta dawo da ƙafarta.

Kusan duk wanda ya shigo, maganarsa ta farko ita ce yana son a ƙara wa injin ƙarfi. Ni kuma sai in buɗe gwangwanin man birki tukuna. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 na Celsius ko fiye, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A titi ba za ka taɓa lura ba, don ba ka taka birki da ƙarfi sau goma a jere. A fili kuwa minti goma sun isa: man ya tafasa, kumfa ta cika layi, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa, ga kwana a gabanka. Saboda haka motar da ba a juye mata man birki cikin shekara guda ba, ba ta fita daga wajena zuwa fili, ko mai ita ya ji haushi. Tiyon birki na roba da ya tsufa ma ina cire shi in sa mai saƙar ƙarfe.

Sai baƙin mai, wanda a nan ne ake asarar kuɗi mai yawa. A Mallory Park akwai wata doguwar kwana ta dama da ake kira Gerard's, mota takan daɗe a cikinta da gudu. Duk tsawon lokacin nan baƙin man da ke kwanon ƙasan inji yana tattaruwa gefe guda, famfo ya zuƙi iska maimakon mai, kafin direba ya ga allurar awon mai ta faɗi inji ya fara bugawa. Maganin ba shi da tsada: a walda faranti a cikin kwanon don ya tare man, a cika shi zuwa layin sama, a kuma sa fitila babba mai ja a gaban direba. Ba wanda ke kallon allura a tsakiyar kwana. Mai kauri nake zuba musu, 20W-50 mai sinadarin zinc, irin wanda tsofaffin injuna suke so. MGB, da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, injinta mai haƙuri ne. Spitfire 1500 kuwa ba ta son a matsa mata totur har ƙarshe, kuma ina gaya wa mai ita haka tun kafin ya biya.

Lagireto mai shekara hamsin ya toshe ta ciki ko da yana sheƙi ta waje. Ko a sake masa ciki ko a saya sabo.

Wata matsalar gwamnati ce ta kawo ta. Tun watan Satumba na 2021 man fetur na gama-gari a nan ya koma E10, mai ethanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cin tsohon tiyon mai. Tiyo ya tsage a saman salansa mai zafi, ai ka san sauran labarin. Ina canza tiyon duka, in ce su riƙa shan E5, mai ethanol da bai wuce kashi 5 ba, ko da ya fi tsada. Dokar da ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ma ba ta yi mini daɗi ba, don yanzu akwai motocin da suka yi shekaru ba wanda ya leƙa ƙarƙashinsu. Haka taya: zanenta na nan daram, amma lambobi huɗun da ke gefenta, mako da shekarar da aka ƙera ta, sai su nuna ta girmi yaron shagona.

Salansa ma tana iya mayar da mutum gida tun safe. Kowane fili yana da iyakar ƙara, wasu desibel 105, wasu ƙasa da haka, kuma ana aunawa. Shi ya sa na sayi na'urar awon, nake gwadawa a bakin gareji.

Kasuwarmu ta lokaci ce. Daga Maris zuwa Oktoba waya ba ta hutawa, da sanyi ya shigo sai mu koma sauke injuna da walda. Ribar ba ta cikin kayan gyara, tana cikin dubawar da nake yi kafin kowace fita da bayanta, inda nake bin kowane noti na ƙafa, da boris, da fanbel. Idan kwastoma sabo ne nakan rubuta masa takarda ya manna a gaban sitiyari: kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a ciki, zagayen ƙarshe ya yi shi a hankali don komai ya huce, idan ya tsaya kada ya ja birkin hannu, ya sa giya ya buɗe bonet. Mafi yawansu suna bi har zuwa azahar, daga nan sai daɗi ya kwashe su.