Abin da Na Koya Wajen Kira ga Manhajoji Masu 'Yanci a Katsina

Ƙungiyarmu ƙarama ce, ba ta neman riba, kuma kowa a cikinta yana da sana'ar da yake ci da ita. Akwai malaman makaranta irina, akwai ɗaliban jami'a, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai kuma masu gyaran waya da kwamfuta. Abin da ya haɗa mu shi ne yarda da cewa wanda ya sayi na'ura da guminsa shi ya kamata ya zama mai iko da ita da kuma abin da ke cikinta. Muna haɗuwa a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba mu aro a bayan shagonsa a wajen Ƙofar Marusa, daga nan kuma muke fita makarantu da shaguna da Islamiyyu.

Tunanin da muke tafiya a kansa ya girme mu. A 1983 Richard Stallman ya sanar da fara aikin GNU a Amurka, wato gina tsarin gudanar da kwamfuta wanda kowa ke da 'yanci a kansa, a 1985 kuma ya kafa gidauniyar da ke kare manhajoji masu 'yanci. Sharuɗɗan da suka gindaya guda huɗu ne: mutum ya iya amfani da manhaja don kowace irin buƙata, ya iya duba rubutun da aka gina ta da shi ya kuma sauya shi, ya iya kwafa ya ba wani, sannan ya iya raba abin da ya gyara. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya fitar da Linux, zuciyar tsarin gudanar da kwamfuta mai 'yanci, wanda a yau shi ne ginshiƙin Android da ke aljihun mafi yawanmu. Idan ina bayani ga waɗanda ba su taɓa jin wannan ba, nakan ce manhajar da aka kulle tamkar babur ce da aka sayar maka da sharaɗin ba ka da ikon buɗe injinta, ba ka da ikon kai ta wurin bakaniken da ka ga dama. A garin da kowane lungu ke da bakanike, ba a daɗewa ake gane nufina.

Makarantu muka fara nufa, domin tun da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun kafin ya karanta tambaya. A makarantu da dama mun tarar da tsofaffin kwamfutoci an lulluɓe su da zane, ƙura ta cika su, manhajar da ke kansu ta sata ce, kuma duk filashin da aka soka sai ya fito da bairos. Aikinmu shi ne mu buɗe su mu kakkaɓe, mu haɗa ƙwaƙwalwar matattun a kan masu sauran numfashi, sannan mu zuba musu nau'in Linux mara nauyi irin Lubuntu ko Linux Mint, tare da LibreOffice don rubutu da lissafi. Kwamfutar da aka fid da rai da ita sai ga ta tana tashi cikin sauri, yara suna layi a gabanta suna koyon bugun rubutu.

A ɗaya daga cikin waɗannan makarantu ne shugaban makarantar, dattijo mai natsuwa, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya tambaye ni: "Malam, duk na ji. Amma ranar da ta lalace kana wani gari, wa zan kira?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, za mu koya wa malamin da ke kula da ɗakin." Ya ce, "Shi kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki fa?" Wannan tambayar ita ce ta tsara yadda aikinmu ya kasance daga baya, domin abin da ya hango shi ne yake faruwa. Kwamfuta takan samu matsala, a kai ta wurin mai gyara a kasuwa, shi kuma da ya ga fuskar da bai saba da ita ba sai ya goge komai ya mayar da abin da ya sani. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ke neman abinci, kuma ba zai ɓata yini guda a kan abin da ba a koya masa ba.

Saboda haka muka karkata ga masu gyara, kuma a nan ne na fi ganin amfanin wahalarmu. Ba mu je musu da tarihin Stallman ba. Mun je da filashi ɗaya da aka zuba wa Linux ta yadda za a iya tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Na tuna wani matashi mai gyara da aka kawo wa kwamfutar wata ɗaliba wadda ta ƙi tashi, alhali kundin bincikenta na kammala digiri yana ciki, kuma ba ta da kwafi a ko'ina. Abin da ya saba yi shi ne ya goge, ya ba ta haƙuri. Muka soka filashin, muka tashe ta daga kansa, sai ga fayilolinta a jere yadda ta bar su. Ya kwashe mata su, ta biya shi kuɗin aikinsa da farin ciki, shi kuma tun daga ranar bai rabu da wannan filashin ba. Da sannu ya fara tambayar yadda ake saka firinta, yadda ake sabunta manhajoji, yadda ake raba faifai gida biyu. Yanzu idan kwamfutar makaranta ta zo hannunsa gyara ta yake yi, ya mayar da ita yadda take. Na fahimci cewa 'yancin sauya manhaja ba shi da amfani ga wanda ba shi da mai taimaka masa a kusa, kuma mai gyaran nan shi ne mahaɗar al'umma da wannan 'yanci.

Akwai wuraren da ba na matsawa. Masu shagunan ɗab'i da ke zana katin biki da kalanda sun shekara da shekaru a kan CorelDRAW, abokan cinikinsu ma da irin fayilinsa suke zuwa, kuma duk da cewa Inkscape, manhajar zane mai 'yanci, tana da kyau, ba zan ce wa mutum ya jefa sana'arsa cikin haɗari don ya faranta mini ba. Haka nan takardar da aka tsara a wata manhaja takan ɗan gurɓace idan aka buɗe ta a wata, musamman idan babu irin haruffan da aka yi amfani da su. Abin da muke nacewa a kai shi ne a adana muhimman takardu a tsarin da kowa ke iya buɗewa, irin ODF da hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da shi a 2006, kuma masu rubutun Hausa su yi amfani da ɓ da ɗ da ƙ na Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke ganewa, maimakon tsofaffin haruffa na musamman da ke rikiɗewa su koma wasu alamomi da zarar fayil ya bar kwamfutar da aka rubuta shi.

Shekarar 2021 ce ta faɗaɗa aikinmu zuwa batun haƙƙi. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a sake buɗe shi ba sai a watan Janairun 2022, daga baya kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Amma abin da ya fi taɓa mu ya zo a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, don daƙile 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mutane suka riƙa shiga mota suna tafiya mai nisa don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi, masu POS suka rufe, ɗalibai suka rasa hanyar duba sakamako.

A cikin ƙungiyarmu ma ba a samu baki ɗaya ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Akwai wanda aka taɓa sace ɗan'uwansa, ya ce idan rufe layi zai ceci rai ɗaya to a rufe. Akwai wadda iyayenta ke ƙauye, ta ce yanzu idan aka kawo musu hari ba su da hanyar kiran agaji. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Matsayar da muka cimma, wadda har yanzu nake kanta, ita ce duk matakin da zai raba miliyoyin mutane da sadarwa dole ne a bayyana dokar da aka dogara da ita, a sa masa wa'adi, a kuma fito a faɗa wa jama'a ko ya yi amfani ko bai yi ba. Da wannan muka riƙa magana a tarurruka da kuma duk inda aka ba mu dama. A ɓangaren aiki kuwa, a lokacin ne muka fara zuba Kiwix a kwamfutocin makarantu, manhajar da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa.

Barazanar da ta fi yawa ga sirrin mutanenmu, a abin da na gani, ba ta da nisa da gida. Na sha zama a gaban kwamfutar shagon buga takardu in tarar da fuskarta cike da hotunan takardun NIN na mutane, da fasfo, da sakamakon jarrabawa, duk wanda ya zauna yana iya kwafa. Kwafin da ya lalace wajen bugawa kuma sai a tara a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da shi, da suna da hoto da lambar mutum a jiki. Haka mata ke miƙa waya a buɗe ga mai gyara ko mai tura karatu da finafinai, hotunan iyalinsu na ciki. Sai kuma manhajojin ba da rance da ke kwashe lambobin da ke cikin waya, idan mutum ya makara da biya su bi danginsa da saƙonnin cin mutunci. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta fara ɗaukar mataki a kansu a 2022, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane, amma waɗanda ake turawa ta bayan fage ba su daina yawo ba.

Doka tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba mutum damar sanin abin da ake yi da bayanansa, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewarsa, da kai ƙara. Sai dai na lura ambaton sashe da lamba ba ya motsa mai shago kamar yadda kalmar amana ke motsa shi. Idan na ce masa takardar nan amana ce aka ba shi, na kuma tuna masa aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane, sai ya gyara zama. Daga nan ake iya nuna masa yadda zai goge fayilolin abokan ciniki kafin ya tashi kowace rana, ya kuma ƙona kwafin da ya lalace. Zaman mata kuwa matan ƙungiyar ne ke gudanar da shi a Islamiyyu, domin akwai tambayoyin da ba za a yi a gabanmu ba. Su suka gaya mini cewa abin da aka fi tambaya shi ne yadda ake kulle hotuna kafin a kai waya gyara, da yadda ake saka tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp don kada a ƙwace wa mutum lambarsa a riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Mun gwada tallata Signal, manhajar tura saƙo mai 'yanci da ke tsare sirri, amma mutum ba ya ƙaura ya bar danginsa, don haka muka fi ba da ƙarfi wajen tsare abin da ke hannunsu.

Kuɗi matsala ce da ba ta ƙarewa. Da karo-karo muke sayen filashi da man janareta. Mun yanke shawarar ba za mu riƙa raba kuɗin mota a tarurrukanmu ba, duk da cewa an saba da hakan, kuma wannan ya rage yawan masu zuwa sosai. Ban yi nadama ba, domin wanda ya zo da kwamfutarsa a hannu ba tare da tsammanin ambulan ba shi ne wanda ke dawowa da tambaya. Muna amfana da rubuce-rubucen manyan ƙungiyoyi irin CITAD ta Kano da Paradigm Initiative, wadda ta daɗe tana fafutukar ƙudirin haƙƙoƙin intanet da majalisa ta zartar amma shugaban ƙasa ya ƙi sa wa hannu a 2019. Su suna iya zama da 'yan majalisa a Abuja, mu kuma muna iya zama a kan benci da mai gyaran waya, kuma ina ganin kowane ɓangare yana buƙatar ɗaya.

Abin da ke gabanmu yanzu shi ne tsofaffin kwamfutoci. Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma yawancin kwamfutocin gwanjo da ke makarantunmu da shagunanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu su ba za su jefar da su ba, za su ci gaba da aiki da su ne ba tare da sabunta tsaro ba, a kansu kuma ake shigar da bayanan banki da na jarrabawa. Mun fara tattara sunayen makarantun da ke da irin waɗannan na'urori, unguwa bayan unguwa, muna haɗa kowace makaranta da mai gyaran da ya fi kusa da ita daga cikin waɗanda muka horar. A ranar Asabar ta uku ta watan Satumba, wadda ake warewa a duniya don manhajoji masu 'yanci, masu gyaran ne za su jagoranci zaman, duk wanda ke so ya zo da kwamfutarsa da cajarta, ya kuma kwashe muhimman fayilolinsa a filashi tun daga gida.